Rijiyar Inna gaba goma sha huɗu ce

Sunan kakanmu namiji garinmu yake amsawa. Haka aka rubuta a takardar haraji tun zamanin En'e, haka kuma 'yan kamasho suke kira in suna lodi ranar kasuwa. Ban ƙi ba, Allah ya jiƙansa, shi ya fara ɗaga gatari a wurin. Amma shekara ashirin da 'yan kai ya yi a garin ya koma ga Mahaliccinsa, matarsa kuwa ta yi kusan tamanin. Duk wanda ya tashi a can ya san wanda ya riƙe garin. Inna muke ce mata, 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne, har da waɗanda ba su haɗa komai da mu ba. Ita ta ɗauke ni tun daga yaye, a ɗakinta na kwana har daren da aka kai ni ɗakin miji. Abin da zan faɗa, wani daga bakinta na ji shi, wani da idona na gani.

Inna ba ta san shekarunta da lamba ba. In aka tambaye ta sai ta ce, "A yunwar Kakalaba aka haife ni, uwata ko kunun kanwa ba ta samu ba." Sai da na yi karatu na gane yunwar 1913 zuwa 1914 take nufi, wadda ta biyo bayan daminar da ruwa ya ƙi. Duk lissafinta haka yake tafiya: shekarar fara, shekarar 'Yar Gusau, shekarar zuwan Sarauniya, shekarar canjin kuɗi. In ka ce mata wane ya girmi wane, sai ta lissafo maka wace damina aka haifi kowannensu, da abin da aka shuka a gonar bayan gida a shekarar, kuma ba ta kuskure.

Garin da aka haife ta mai ganuwa ne, a yammacin Katsina. Kakanninta ba su san kwana a bayan ganuwa ba, don tun zamanin Ɗan Baskore mahara suke fitowa daga Maraɗi, su bi ta dajin Rugu su kwashi mutane da dabbobi. Saboda haka gonakin jikin ganuwa duk sun gaji, an noma su tun kaka da kakanni, ga daji kuwa baƙi ƙirin ba mai shiga. Bayan Turawa sun ci ƙasa a 1903 hari ya mutu, a zamanin Sarki Dikko mutane suka fara fita kaɗan-kaɗan suna saran daji suna kafa tunga. Kakanmu ba shi ne babba a gidansu ba, ya duba ya ga in aka raba gandun ubansu abin da zai samu ba zai ciyar da gida ba. Ya je ya faɗi gaban dagaci, aka nuna masa yamma aka ce ya sara iya ƙarfinsa.

Gida uku suka tashi: shi, da ƙanensa, da wani maharbi da ya san dajin. Inna tana da goyo a baya, ga ƙaramin ciki. Kayansu duka jaki biyu ya ɗauka, turmi da taɓarya da dutsen niƙa da tukwane, da taiki ɗaya na gero, sai akuya da take ja da hannunta. Suka sauka gindin wata ƙatuwar kanya, wadda har yanzu tana nan. Maza suka sari ƙaya suka kewaye wurin, aka hura wuta har gari ya waye saboda kuraye. Ta ce daren farko ba ta runtsa ba, ta ɗaure ƙafar akuyar a ƙafarta, ta rungume yaron, tana jin kura tana shinshinar shinge. Na taɓa ce mata, "Inna, ba ki ce a maida ke gida ba?" Ta ce, "Na faɗa mana. Sau uku na ɗaure kayana. Sai in duba hanya in ga wa zai raka ni, in kwance."

Abin da ya fi kura wahalar da su ruwa ne. Da damina akwai tafki, ana sha ana kamuwa da kurkunu, mutum ya kwanta wata guda daidai lokacin da gona take neman hannu. Da rani tafki ya ƙafe, sai wata ƙorama mai nisa inda ake tonon yashi a jira ruwa ya tsatso. Kafin assalatu take fita da tulu, ba ta dawowa sai hantsi ya dubi ludayi, kuma tulun nan ɗaya shi ne sha, shi ne tuwo, shi ne alwala. Cikin da ta zo da shi a hanyar ƙoramar nan ya zube. Rani biyu ta yi a haka. Da na uku ya kama, matar ƙanen kakanmu ta ce ita ta gaji ta koma gida, maza ma suka fara maganar tashi. Inna ta kwance tasoshin aurenta da mundayen da uwarta ta ba ta, ta ba kakanmu ta ce ya kai kasuwa ya nemo masu haƙar rijiya.

Mutum biyu aka samo. Su suna ƙasa suna haƙa, ana buƙatar masu jan ƙasa a sama, hannu kuwa ya yi kaɗan. Inna ta ɗaura ɗamara ta kama igiya tare da maza. Har ta tsufa in ta buɗe tafin hannunta akwai wani layi fari da ya ratsa shi, ta ce shaidar igiyar ce. Suka wuce jar ƙasa, suka wuce marmara, gaba goma babu komai. Mahaƙan suka ce kuɗinsu ya ƙare, ta ƙara musu da akuyar da 'ya'yanta biyu. A gaba ta goma sha uku kwandon ya fito da yashi mai sanyi. Ta ce ta ɗebi yashin ta sa a baki ta tsotsa, ta zauna a ƙasa ta kasa guɗa. A ta goma sha huɗu ruwa ya ɓuɓɓugo. Kafin shekara ta kewayo gida bakwai sun tare, matar ƙanen kakanmu ma ta dawo. Ni a wurina ranar da aka ga ruwan nan aka kafa garinmu, ba ranar da aka sari itacen farko ba.

Sabuwar ƙasa tana da albarka, gero ya yi, dawa ta yi. Sai fara ta zo a shekarun 1930, ta rufe rana, ta sauka da la'asar, kafin safiya gona ta koma kara tsaye. Daga nan Inna ta kafa dokar da har ta rasu ba a karya ta a gidanmu ba: ba a buɗe rumbun bana sai na bara ya ƙare, iri kuma ba abinci ba ne. Da kaka, kafin a ɗaure dami, ita take shiga da kanta ta zaɓi zangarniyar da ta fi tsawo da cika, wadda tsuntsu bai taɓa ba, ta ɗaure daban ta rataye a saman murhu inda hayaƙi zai hana ƙwari. Na taya ta wannan aikin ba sau ɗaya ba. Takan murza zangarniya a tafinta, ta hura, ta sa ƙwaya ɗaya a haƙori. In ta ji ƙaras sai ta miƙo mini, in ba ta ji ba ta jefa cikin na ci.

Yunwar da suke kira 'Yar Gusau ta zo ne wajen 1942, ana tsakiyar yaƙin Hitila. Ruwa ya yi gardama, hukuma kuma tana karɓar hatsi tana kwasar maza zuwa aikin kuza a Jos. Ƙanen kakanmu yana cikin waɗanda aka tafi da su. Sunan yunwar ya samo asali ne daga yadda mutane suka riƙa dafifi zuwa Gusau neman hatsi, inda jirgin ƙasa yake tsayawa. Kakanmu ya kora jaki ya bi ayari. Inna ta rage da yara, rumbu biyu duk sun ga ƙasa. Tafasa da yaɗiya da dusa suka ci, har gidan tururuwa suka tona suna neman tsabar da ta tara. Ashe tun kaka ta sussuke irin, ta zuba a tukunya ta liƙe baki da laka, ta binne ƙarƙashin gadonta, ko mijinta bai sani ba. A kan tukunyar nan take kwana, yara suna kukan yunwa a gefenta. Ɗiyarta 'yar shekara uku a wannan bazarar ta rasu.

Wannan labarin sau ɗaya tak ta ba ni shi, ina budurwa, muna tsinkar zogale. Na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, da kin tono." Ta daɗe ba ta yi magana ba. Can ta ce, "Da na tono, kwana uku zai yi mana. Ranar da ruwa ya sauka, gida goma sha ɗaya suka zo ƙofar ɗakina da ƙoƙo, don duk sun cinye nasu." Ta ci gaba da tsinka. Sai da muka kusa gamawa ta ce, "Amma har yau ina jin muryarta." Na haifi 'ya'ya na kaina yanzu, kuma ban san ko zan iya abin da ta yi ba. Ban kuma taɓa samun bakin da zan ce ta yi daidai ko ba ta yi ba. Abin da na sani, duk geron da aka ci a garinmu daga wannan shekarar, daga tukunyar nan ya fito.

Haihuwa goma sha ɗaya ta yi, biyar suka rayu. Agana ta ɗauki biyu a mako ɗaya, ƙyanda ta ɗauki ɗaya. Shi ya sa lokacin da masu allurar agana suka zo ƙarshen shekarun 1960 da 'yar bindigarsu, mutane suna ɓoye yara a rumbu, ita ta fito da sanda ta jera na gidanmu a gindin kanya, ta fara miƙa nata hannun. Ta ce wanda bai taɓa wanke gawar mai agana ba shi yake gudun allura.

Kakanmu ya rasu a shekarar zuwan Sarauniyar Ingila, 1956. Kububuwa ce ta sare shi yana kwasar kara, kwana biyu jini bai tsaya ba. Da Inna ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma, yayyenta suka zo da jakuna su maida ta gida, don a ganinsu mace mai sauran ƙarfi ba ta zama a tunga babu miji. Ta yi musu fura, ta yanka musu kaza, ta ce su gai da mutanen gida. Da aka zo rabon gado malam ya fitar mata da tumuninta, aka ce ta zaɓa. Kowa ya zaci gonar fadama za ta ɗauka. Sai ta ce a ba ta filin da rijiya take. Fili ne da ba ya fid da komai, shanu sun tattake shi ya koma kamar daɓe. 'Ya'yanta suka ji haushi, suna ganin ta cuci kanta. Sai daga baya aka gane: muddin filin nan nata ne, babu ɗan da zai wayi gari ya kewaye rijiya ya ce gadonsa ce.

Ba ta taɓa zama a zaure ba, ba ta taɓa ɗaga murya gaban maza ba. Babban ɗanta shi ne mai gida, daga baya shi aka ba mai unguwa. Ko sunansa ba ta faɗi, ɗan fari ne, sai dai ta ce "wancan" ko "mai zaure". Amma kullum bayan lisha zai zo ƙofar ɗakinta ya tsuguna, ya ce, "Inna, barka da dare," ta amsa tana kallon wani wuri. Sai ya fara: wane yana son gona, wane da wane sun yi faɗa kan iyaka, baƙo ya zo yana neman wurin zama. Ina kwance a bayanta ina ji. Ba ta cewa yi kaza. Sai ta ce, "Ubanku dai da aka yi irin wannan, ga abin da ya yi." Na girma kafin na gane rabin abin da take jingina wa kakanmu nata ne, don yawancin rigingimun ba a yi irinsu yana da rai ba. Ta haka ta hana gandu watsewa shekara ashirin bayan mutuwar mai shi, abin da ba kasafai ake gani ba.

Ina 'yar shekara goma sha bakwai wata tsohuwa ta zo biki daga tsohon garinsu. Na kawo mata ruwa, ta riƙe hannuna ta ƙura mini ido, ta ce, "Allahu akbar, yarinyar nan ta ɗebo kakarta mai rasuwa, har wushiryar." Na ce kakata tana nan da ranta, ga ta can tana tuƙa tuwo. Matan da ke wurin suka yi tsit. A daren nan gwaggona ta gaya mini. Kakanmu ya yi wa Inna kishiya, ta rasu wurin haihuwar fari, ta bar jariri ko cibiya ba a yanke ba. Inna a lokacin tana shayar da ita gwaggon tawa, 'yar wata biyar. Ta yanke cibiyar, ta ɗauki jaririn ta sa a ɗaya nonon. Jaririn nan shi ne babana.

Na kwana ina kuka, ni kaina ban san kukan me nake yi ba. Da asuba Inna ta idar da salla, ba ta juyo ba ta ce, "Kishiya, an gaya miki ko?" Haka take kirana, kamar yadda kakanni suke wasa da jikokinsu mata. Na ce e. Ta ce, "To, wanda ya sha nonona shekara biyu, wa ke da bakin cewa ba ni na haife shi ba? Tashi ki hura wuta." Ba mu sake maganar ba har ta bar duniya. A gidanmu ban taɓa jin an ce ɗan uba ba, kuma cikin jikoki sama da hamsin ni ta zaɓa ta riƙe. Na daɗe ina tunanin ko don kada a ce ta bambanta ne. Yanzu na fi yarda cewa so ne kawai.

Sana'a kuwa babu wadda hannunta bai taɓa ba. Lokacin da gyaɗa take gyaɗa, ana tara dala a Kano, ita mai da ƙuli-ƙuli take yi. Da rani ta yi kaɗi, mazarinta yana juyawa a kan 'yar fata tana shafa alli a yatsa. Ta yi daddawa, ta yi man kaɗe. Kuɗin ba ta ajiye su, awaki take saye. Duk yarinyar da aka aurar daga garinmu, tamu ko ba tamu ba, Inna za ta ba ta akuya, da sharaɗin in ta haifi mace ta farko a dawo da ita don amarya ta gaba. Shi ya sa da aka yi canjin kuɗi a 1984, mutane suna kuka da takardun da suka mutu a tukunya, ita ko a jikinta. Ita ce kuma ungozomar gari. Babu wanda ya kai shekara talatin a garinmu yau da ba ita ta fara ɗaukarsa ba.

Akwai ƙawarta Bafillatana da suka shekara arba'in tare. Kowace kaka rugarsu takan sauka a gonakinmu, shanu su ci kara su bar taki, a yi musayar nono da gero. Inna ta sa aka sassaƙa komi aka ajiye bakin rijiya don shanu, daga baya aka yi na siminti. Burtalin da ya ratsa gabas da gari kuwa, duk wanda ya ci ko kunya ɗaya daga cikinsa sai ta aika masa cewa ubansu bai yi haka ba. A farin 1973, da tafkuna suka ƙafe shanu suna faɗuwa a hanya, rijiyar ta ja baya har sai an kwana ana jira ta taru. Wasu suka ce a hana Fulani. Ta ce mutane su ɗiba da safe, dabbobi da yamma, kuma haka aka yi har ruwa ya sauka. Ƙawar tata ta fito daga farin da saniya huɗu cikin garke guda, ta kawo wa Inna maraƙi ɗaya, Inna ta ce ta maida shi cikin 'yan'uwansa.

Shekara biyu bayan haka cuta ta kashe gyaɗa, a 1975, kasuwar ƙuli-ƙuli ta faɗi. Sai ga makarantar gwamnati ta kowa da kowa a 1976. Aka kafa aji biyu a garin da ke kusa da mu, aka ce kowane gida ya ba da yara. Iyaye maza suka ce boko yana lalata 'ya mace. Inna ta yi mini wanka, ta shafa mini man kaɗe, ta kama hannuna muka taka har can. Dalilinta ba mai tsawo ba ne. Ta ce shekara talatin suna kai gyaɗa da auduga kan sikeli, malamin sikeli ya faɗi abin da ya ga dama, babu mai iya duba ƙarfen a gidanmu. Kullum na dawo sai ta sa in karanta mata abin da aka koya mana, ko ba ta gane ba. Da na gama makarantar koyon aikin lafiya na dawo da takardar ungozoma, na zauna na yi mata bayanin ciwon nan da ke sandarar da jariri ya kasa kama nono, cewa daga abin yankan cibiya yake shiga. Na ji tsoron za ta ce ƙwai ya fi kaza wayo. Sai ta yi shiru tana ƙirga da yatsu, ina jin jariran da ta rasa take tunawa. Ta ce, "Me ya hana a gaya mana tun da wuri?" Daga ranar sabuwar reza take sa a sayo, kuma ba ta sake sa toka ko kashin shanu a cibiya ba. Tana da shekara saba'in da wani abu a lokacin.

A ƙarshe yana ta rufe mata ido, amma kunne da hankali suna nan garau. Ranar husufin rana na watan Maris 2006, da hantsi, tana zaune a tabarma ta ce, "Wa ya kawo sanyi? Me ya sa kaji suka yi shiru?" Muka ce rana ce ta kama. Ta ce a ɗauko mata buta. Shekara uku bayan haka, da kaka, an gama ɗaure gero, ta sa aka kawo mata zangarniya tana shafawa tana zaɓa da hannu. Kwana tara bayan nan ta cika, da asubar Juma'a, kanta a cinyar gwaggona. In aka bi lissafin Kakalaba ta yi shekara casa'in da biyar, da lissafin wata kuwa ta doshi ɗari. Ta bar wasiyya a gaban shaidu cewa filin rijiya sadaka ne, ba a gado ba a sayarwa, babana kuma shi zai kula da shi. Ranar sadakar uku muka zauna muka ƙirga: jikoki hamsin da uku, tattaɓa-kunne sun haura ɗari da ashirin. Akwai manoma, akwai malaman makaranta, akwai direbobi, akwai masu shago a Legas da Maraɗi, mu uku kuma ungozomomi.

Ba ta ga abin da ya biyo baya ba, kuma ina yi wa Allah godiya da bai nuna mata ba. 'Yan shekaru bayan rasuwarta aka fara satar shanu. Daga shanu aka koma mutane. Daga dajin nan dai na Rugu da kakanninta suke tsoro, yanzu a kan babura. An harbe ɗan baffana a gona yana huɗa. An ɗauki matan gidanmu biyu, sai da muka sayar da gonar fadama muka karɓo su. Jikokin ƙawar Inna su ma an kore musu shanu, 'yan sa-kai sun kashe musu mutum biyu a hanyar kasuwa ba su ji ba ba su gani ba, sauran suka tashi. Ba zan ɓoye ba, an ce akwai yaran rugar da suka shiga daji. In na ji ana zagin ƙabila guda a kan wannan masifa raina yana ɓaci, don na sha nonon rugar nan, na kuma san burtalin da Inna take karewa an nome shi tun ba a yi shekara biyar da binne ta ba, kuma namu ne suka nome. A 2021, lokacin da aka katse layukan waya aka rufe kasuwanni, yawancin mutanenmu suka kwashe, wasu Batsari, wasu cikin Katsina. Garin da ya kai gida ɗari ya koma gida shida.

Babana yana Katsina yanzu a ɗakin haya, ya doshi tamanin. A kusurwar ɗakin akwai zangarniyar gero a rataye. Kowace damina yakan shuka kunya biyar a wani kango da ke bayan layinsu don kada irin ya mutu, ya zaɓa da haƙori, ya raba wa duk ɗan gidanmu da ya samu inda zai noma.

Ranin da ya wuce, da abin ya ɗan lafa, ya ce shi fa amana aka ba shi, sai an yashe rijiya. Muka yi karo-karo a cikin dangi, muka tafi mu goma sha biyu a mota ɗaya, da sharaɗin mu baro kafin la'asar. Sabara da geza sun cinye gonaki, ɗakin Inna ya rufta. Kanyar tana nan. Gungumen kiryar da ke bakin rijiya yana nan da zanen igiya a jikinsa, wani zurfinsa ya shanye yatsana. Jikan gwaggona ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga, muna jan laka da bokiti, ni ma na kama. Aka fito da tsummokaran guga, da fasassun tuluna, da takalmin yaro. Wajen azahar ruwa ya fara tsatsowa. Babana ya sa aka zura igiya har ƙasa aka jawo, ya auna da hannuwansa yana ƙirgawa a bayyane, ya tsaya a goma sha huɗu.

Na cika jarka ɗaya na kawo wa gwaggona, wadda suka sha nono tare da babana, tana kwance ba ta iya tashi. Na bari ya kwanta, na tace, na ba ta a kofi. Ta sha, ta riƙe sauran a baki kafin ta haɗiye. Ta ce, "Komin shanu fa, yana nan?" Na ce yana nan, Gwaggo, sai dai ya tsage ta gefe ɗaya. Ta ce in gaya wa yara su nemi siminti su liƙe shi kafin bazara.